Karen da na ɗauko ya ciji ƙanena: akwai gyara ko in rabu da shi?

"Likita, wata biyu ke nan da na ɗauko wani kare da maƙwabcinmu ya tashi ya bari ɗaure a gidansa, duk ya rame, ga gyambo a wuya inda sarƙa ta ci shi. Na yi jinyarsa ya murmure, yanzu yana mana gadi. Ni da maiɗakina da yarana biyu, mai shekara 4 da mai shekara 7, ba ya yi mana komai. Amma ƙanena mai shekara 19 da ke zaune tare da mu, da ya hango shi sai gurnani da yashe haƙora. Abin bai fara ba sai bayan kamar mako uku da zuwansa. Shekaranjiya da dare ƙanen nawa ya dawo, ya zo tsallake shi a zaure, sai ya cafke shi a ƙwauri, ya yaga wando, haƙori ɗaya ya huda fata. Na zane shi da bel, amma jiya ma ya sake gurnanin. Wasu na cewa in ba mafarauta, wasu na cewa in kashe shi. Akwai gyara?"

Malam, Allah ya saka maka da alheri kan ceton dabbar nan, ya kuma ba ƙanenka lafiya. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: me za a yi da cizon da ya riga ya faru, me ya sa karen ya ware mutum ɗaya a cikin gida, sannan ko zai gyaru har a ci gaba da zama da shi. Irin karen da ka siffanta sau da yawa yana gyaruwa, amma da sharuɗɗa. Kafin mu je kansu akwai abin da ba ya jira.

Ƙanenka ya tafi asibiti yau

Tunda haƙori ya huda fata, kuma ba ka san ko tsohon mai karen ya taɓa yi masa rigakafi ba, dole a ɗauki cizon nan da muhimmanci saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum babu magani. Kafin su bayyana kuwa, allura tana tare shi.

A wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ko da an makara, a shafa aidin. Kada a sa toka, ko barkono, ko man birki, ko gashin karen. A asibiti za a fara masa allurar rigakafin haukan kare. In ta tsoka ce, tsarin da aka fi bi shi ne ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, sai ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Ga cizon da ya huda fata akwai kuma allurar garkuwa ta gaggawa da ake yi a cikin raunin da kewayensa, ku tambaya ko suna da ita. A duba batun allurar tetanus ma.

Shi kuma karen a killace shi kwana 10 daga ranar cizon, ana ba shi abinci da ruwa, ana lura da shi. Kada ka kashe shi, kada ka bayar da shi a cikin kwanakin nan, domin shi ne shaidarka. Karen da ke da ƙwayar ciwon a miyansa ranar da ya yi cizo ba ya kai kwana 10 bai nuna alama ba: dalalar miyau, sauyin murya, saki na muƙamuƙi, cizon ƙarfe ko itace, shanyewar ƙafafun baya. In ka ga ɗaya daga ciki, ko ya mutu, kira likitan dabbobi nan take, kada kowa ya taɓa gawar da hannu. Gaskiya abin da ka bayyana bai yi kama da hauka ba, don mahaukacin kare ba ya shafe makonni biyar yana zaɓen mutum ɗaya yana cin abincinsa lafiya lau. Amma ciwon na iya ɓoyewa watanni a jikin kare kafin ya fito, saboda haka kada a jinkirta allurar ƙanenka ana jiran a gani. In kwana 10 sun cika karen na lafiya, a yi masa nasa rigakafin, a riƙa maimaitawa duk shekara.

Me ya sa shi kaɗai

Mutane za su ce maka karen butulu ne, ko yana son ya nuna shi ne babba. A aikace, mafi yawan karnukan da ake kawowa asibiti da irin wannan ƙorafi tsoro ne ke ɗawainiya da su. Kwikwiyo yana koyon wa zai amince da shi ne tsakanin mako 3 zuwa kamar mako 12 da haihuwa. Wanda ya tashi a ɗaure bai ga mutane iri-iri a wannan lokacin ba, kuma ɗan abin da ya gani mai yiwuwa ba mai daɗi ba ne. Kowa ya san su wa suka fi jifar kare a unguwa: samari da yara maza. Karen da ke kan sarƙa ba shi da wurin gudu in an jefe shi, sai ya koyi cewa abu ɗaya ne ke korar mutum, wato haƙori. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ba sai ƙanenka ya taɓa yi masa komai ba. Tsayinsa, da saurin tafiyarsa, da muryarsa, ko hular da yake sawa sun isa.

Jinkirin mako uku da ka lura da shi ma abu ne sananne. Kare mai yunwa da rauni a baƙon wuri yakan yi laƙwas, ba ya nuna halinsa. Sai ya ƙoshi, ya san gida, ya samu wurin kwana da mutumin da yake ganin nasa ne, sannan yake da abin karewa da ƙarfin karewar.

Wannan ya kawo mu dalili na biyu, wato rowa. Wasu karnukan ba sa yin gurnani sai an kusanci kaskon abincinsu, ko ƙashin da suke gwaigwaya, ko shimfiɗarsu, ko kai kanka. Ka lura: in ba ka gida, yana yi wa ƙanen naka gurnani? In sai kana kusa yake yi, to kai yake karewa. Na uku shi ne ciwo, zan dawo kansa. Na huɗu kuwa sai ka tambaya da hikima, ba a gaban mutane ba: yaya ƙanenka yake yi da karen in babu kowa? Mutum da yawa ba sa son kare ya shafi tufafinsu saboda tsarki, sai su riƙa korarsa da ƙafa, ko buga ƙasa, ko ɗaga takalmi. A wurin mutum wannan kora ce kawai, a wurin karen da ya sha duka kuwa somin-taɓin duka ne. Ka kwantar masa da hankali cewa duk gyaran da zan bayyana babu inda zai taɓa karen ko karen ya taɓa shi.

Cizon shekaranjiya ya haɗa abubuwa da yawa a lokaci ɗaya: dare, wuri matsattse, kare a kwance wataƙila yana barci, sai ga mutumin da yake tsoro a kansa. Ko lafiyayyen kare aka yi wa haka yana iya kai cafka. Akwai ma'aunin cizo mai mataki shida da likitan dabbobi Ian Dunbar ya tsara, wanda masu aikin nan ke amfani da shi. Mataki na 1 shi ne kai cafka ba tare da haƙori ya taɓa fata ba. Na 2, ya taɓa amma bai huda ba. Na 3, cizo ɗaya da huda ɗaya zuwa huɗu waɗanda zurfinsu bai kai rabin tsawon fiƙar karen ba. Na 4, huda mai zurfi, kare ya riƙe ko ya girgiza kai. Na 5, cizo mai zurfi sau da yawa. Na 6, kisa. Naku ya yi kama da na 3: ya ciza sau ɗaya ya saki. Wannan yana nuna har yanzu yana iya riƙe ƙarfin bakinsa, kuma a kan haka nake ganin akwai fata.

Ajiye bel ɗin

Na san zuciya ce ta ɗebe ka, amma duka yana ƙara lalata lamarin ta hanya biyu. Ta farko, karen ya riga ya ɗauka cewa bayyanar ƙanenka tana zuwa da sharri, kai kuma ka tabbatar masa. Ta biyu ta fi haɗari. Kafin kare ya ciza yana bin matakai: lasar hanci, hamma ba ta barci ba, kau da kai, janye jiki, maƙale kunnuwa da bindi, sandarewa yana kallo ta gefen ido, gurnani, yashe haƙora, kai cafka a iska, sannan cizo. In ka doke shi saboda gurnani, gurnanin zai daina, tsoron kuwa yana nan. Sai ka wayi gari da karen da ke tsallake gargaɗi ya tafi kai tsaye ga cizo, a gida mai yaro ɗan shekara 4. Wani bincike da Meghan Herron da abokan aikinta suka wallafa a 2009 daga Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka ya tambayi masu karnukan da aka kawo asibiti saboda matsalar hali, sai aka samu kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka daka ko aka haura sun mayar da martani da faɗa, haka kashi 31 na waɗanda aka kayar aka danne a ƙasa. In ya yi gurnani, ƙanenka ya tsaya, ya juya gefe, ya ja da baya a hankali, kai kuma ka kira karen ka kai shi wurinsa.

Likitan dabbobi ya duba shi tun daga kai har bindi

Kare mai ciwo ba ya da haƙuri. A irin waɗannan karnukan da aka yasar, abin da muka fi samu shi ne ciwon kunne, gyambon da ƙudaje ke ci a bakin kunnuwa, karyayyen haƙori daga gwaigwayar sarƙa, tsohuwar karaya ko targaɗe da ta warke a karkace, ƙaiƙayin fata, da cututtukan jini da kaska ke kawowa. A duba wuyan da sarƙa ta ci, domin in har yanzu yana zafi, duk jan igiya azaba ce, sai a koma ɗamarar ƙirji. A duba idanunsa ma: karen da ba ya gani sosai da dare ya fi saurin firgita. Asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha suna yin wannan, haka asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ka faɗa musu tun kafin ku je cewa ya yi cizo.

Fiɗiya tana rage yawo da faɗa da karnuka maza, amma kada ka dogara da ita wajen maganin tsoro. Akwai magunguna irin su fuloksetin da likita kan rubuta wa kare mai tsananin firgici. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kuma taimako ne ga horo, ba sa maye gurbinsa. Kada ka saya a kemis da kanka.

Raba su tukuna

Duk lokacin da karen ya yi gurnani ƙanenka ya kauce, ya ƙara koyon cewa dabararsa tana aiki. Don haka daga yau kada su sake haɗuwa sai a lokacin horo. Ɗauke shi daga zaure, tunda hanyar kowa ce. Ka kewaye masa wuri a ƙuryar gida da waya ko langa-langa, kamar mita 2 da mita 3, mai inuwa da ruwa da ƙofa mai sakata. A nan zai ci, a nan zai kwana. Kada a mayar da shi kan gajeriyar sarƙa, kuma kada a kulle shi a akurki mai duhu wuni guda wai don ya yi zafi. Amfanin kare a gadi haushinsa ne, kuma karen da ya natsu da mutanen gida ya fi sanin baƙo.

In za a sake shi da dare, sai kowa ya shigo an kulle gida. In ƙanenka zai yi dare, ya kira waya daga waje a mayar da karen wurinsa kafin ya buɗe ƙofa. Yaran kuwa, duk da bai taɓa yi musu komai ba, kada a bar su da shi ba babba a tsaye: ba runguma, ba hawa bayansa, ba zuwa inda yake ci ko barci. Cizon da zai samu babba a ƙwauri, yaro a fuska yake samunsa.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta duk gurnani: ƙarfe nawa, a ina, tazarar mita nawa, me ƙanenka ke yi, me ke kusa da karen. Cikin mako guda za ka ga abin da ke maimaituwa.

Aikin sauya masa tunani

Manufar ita ce ganin ƙanenka ya zama albishir a wurinsa. Ka tanadi abin da ya fi so wanda ba ya samu a wani lokaci: dafaffiyar hanta, naman kaza, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. A yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, guda 30 zuwa 40 a kowane zama. Ban da tsire da kilishi, saboda yaji da albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. Hanta in ta yi yawa tana sa zawo, sai a riƙa gaurayawa. A yi horon kafin cin abinci, a rage abin da ya ci daga kason ranar.

Fara da neman tazarar da karen zai ga ƙanenka amma jikinsa a sake, yana karɓar nama a hankali. Tana iya zama mita 5, tana iya zama 15. In tsakar gidanku bai kai ba, ku fita fili. Kai ne za ka riƙe shi da igiya mai tsawon mita 2, a sake ba a ɗame ba. Ƙanenka ya fito daga bayan katanga ya tsaya a karkace, ba ya kallon karen, ba ya magana. Da karen ya gan shi, ka fara ba shi nama ɗaya bayan ɗaya. Bayan daƙiƙa 5 zuwa 10 ƙanenka ya ɓuya, nama ya tsaya cak. A huta rabin minti, a sake. Sau 8 zuwa 10 ya isa zama ɗaya, wato kamar minti 5, sau biyu a rana.

Jerin yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan aka fi kuskure. Ganin ƙanenka ne zai riga naman. In ka fara fito da nama sannan ya bayyana, karen zai koyi akasin abin da kake so, wato nama alama ce ta zuwan abin tsoro, har ka ga ya fara ƙin ci.

Alamar an samu shiga ita ce ranar da zai hango ƙanenka ya juyo ya dube ka yana jiran rabonsa. In ya yi haka a zama uku a jere, a rage tazarar da taki ɗaya kawai. In ya ƙi ci, ko ya fara fizgar naman da ƙarfi, ko ya sandare, kun matso da yawa, ku koma baya taki biyu. Kafin a ci gaba da matsowa, a sauya yanayi a tazarar da ya saba: ƙanenka yana tafiya, yana zaune ya miƙe, da jallabiya, da hula, ɗauke da bokiti, yana tura babur, da magariba da tocila. Kare ba ya haɗa waɗannan da kansa. Wanda ya yarda da mutum a zaune da rana yana iya ƙin sa a tsaye da dare.

In an kai kamar mita 3 lafiya, sai naman ya koma hannun ƙanenka, amma jefawa zai yi, kuma ya jefa bayan karen, yadda zai juya ya yi nisa kafin ya ɗauka. Da haka karen ke samun abu biyu, nama da sarari, kuma shi da kansa zai zaɓi ya dawo kusa. Kada ya miƙa masa a tafin hannu. Kwaɗayi yana jawo kare ya wuce iyakar da zuciyarsa za ta ɗauka, naman na ƙarewa sai ya tsinci kansa dab da wanda yake tsoro, ga hannu a gaban hancinsa. Cizo da yawa a nan yake faruwa, daidai lokacin da mutanen gida ke murnar an shirya.

Bayan duk wani abin da ya tayar masa da hankali, kamar tsawa da ruwan sama, ko hayaniyar biki, ko wasan wuta na lokacin salla, a ba shi hutun kwana biyu. Firgici yana taruwa, kuma karen da ya jure mita 4 jiya yana iya kasa jure mita 8 yau.

Takunkumi

Kafin a kai matakin da za su kasance a tsakar gida ɗaya ba shinge, a saba masa da takunkumi irin mai kama da kwando, na roba ko na waya, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki ya sha ruwa a ciki. Na yadi mai ɗaure baki na 'yan mintuna ne a teburin likita. Kare da haki yake fitar da zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu irin wannan takunkumin na iya halaka shi. A sa nama a cikin kwandon ya cusa hancinsa da kansa na kwana uku ko huɗu ba a ɗaure ba, sannan a ɗaure na daƙiƙa biyar, a riƙa ƙarawa. Mako ɗaya zuwa biyu yakan isa. Takunkumi kariya ce idan an yi kuskure, ba izinin matso da ƙanenka kusa ba ne.

Inda gyaran yake tsayawa

Ban ga karen ba, ban ga gidanka ba, saboda haka likitan da ya duba shi da idonsa ya fi ni hurumin yanke hukunci. In ana aikin kullum, ya kamata ka ga sauyi cikin mako 3 zuwa 6, cikakkiyar natsuwa kuwa tana ɗaukar watanni. Abin da za ka sa a gaba shi ne su wuce juna a tsakar gida kowa na harkarsa. Ba lallai su zama abokai ba, kuma tsallake shi yana kwance ya haramta har abada.

Akwai halin da zan ce maka ka rabu da shi ba tare da jinkiri ba: in ya sake cizo mai zurfi ko ya riƙe ya girgiza, in ya fara cizo ba gargaɗi, in ya fara sandarewa ko gurnani ga yaran, in an yi wata uku ba ci gaba, ko in ka ga mutanen gidan ba za su iya kiyaye ƙofar nan a kulle ba. Haka in ƙanenka ya ce ba zai iya ba. Shi aka ciza, gidan nan gidansa ne, kuma ba daidai ba ne ya riƙa shiga da fargaba. In za ka bayar, ka ba wanda ke da fili kewayayye kamar gidan gona, ba yara, ka faɗa masa tarihin cizon ɗaya bayan ɗaya tare da katin rigakafin. Kada a kai shi bayan gari a yar, domin zai koma cikin yaran wasu da tsoronsa da yunwarsa, kuma kada a ba shi guba. In cizon ya kai mataki na 4 ko na 5 kuma babu amintaccen wurin da zai zauna, likitan dabbobi yana da allurar da ke ɗauke ransa cikin 'yan mintuna ba tare da wahala ba, kuma ita ma sai bayan kwana 10 na lura sun cika, in ba likitan ne ya ga dalilin gaggautawa don a gwada ƙwaƙwalwarsa a ga ko yana da ciwon haukan kare ba.